Albashin Malam Na'iya

Ranar Litinin, bayan sallar azahar, wani mutum mai farar shadda ya shigo caji ofis na Tambuwal yana share gumi da hularsa. Ya ce sunansa Malam Mansur, shi ne shugaban ayarin da aka turo daga Sakkwato don tantance ma'aikatan ƙaramar hukuma, kuma an yi masa sata.

Sufeto Mannir Ɗangiwa ne ke bakin aiki. Siririn mutum ne ɗan asalin Jabo, shekara ashirin da uku yana sanye da kaki, kuma ya daɗe da daina gaggawa a kan komai. Ya tura wa baƙon kujera, ya ce ya faro daga farko.

Abin da aka sace jaka ce baƙa guda ɗaya. A cikinta akwai kwamfuta da 'yar na'urar da ma'aikata ke dangwala yatsa. Mansur ya ce tun da aka fara maganar kuɗin ƙananan hukumomi za su riƙa sauka hannunsu kai tsaye, aka yanke cewa sai an san mutum nawa ne da gaske ke cin albashi. Kwamfutar tana ɗauke da hoton yatsan kowane ma'aikaci da aka ɗauka shekara shida baya. Mutum ya zo ya ɗora babban yatsa, in ya dace a bar sunansa, in bai dace ba a soke. Mako uku suna wannan aiki. Saura ƙauyuka uku, mutum goma sha ɗaya.

Sun tsaya salla da cin abinci, suka bar jakar a bayan mota. Da suka dawo babu ita.

Sufeto ya fita ya zagaya motar. Tsohuwar mota ce ta sakatariya, babu gilashin da ya fashe, babu alamar an sa ƙarfe. Ta taga ya hango wata 'yar jaka ta fata. Mansur ya ce tasa ce, kuɗin mai ne a ciki, naira dubu arba'in, kuma a kan baƙar jakar ya ɗora ta. Wato ɓarawon ɗaga ta ya yi ya ajiye gefe, ya ɗauki ta ƙasa.

Ya kama hannun ƙofar baya ya ja. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake ja da ƙarfi. Direban, wanda ke tsugune yana sakace haƙori, ya yi dariya ya miƙe. Ya dafa gwiwa a gefen hagu na ƙofar, ya ɗan ɗaga ta sama, sai ta buɗe salin-alin.

"Wagga mota, yallaɓai, sai ta san mutum take buɗe mashi. Makullin ya mutu tun ina yaron mota."

"Wa ta sani?"

"Duk wanda ya tsufa sakatariya."

Direban dai kafaɗarsa na jikin ta Mansur a sahu, kuma kwano ɗaya suka ci tuwo. Saura mutum ɗaya daga sakatariyar, wanda aka haɗa su da shi don ya nuna musu hanya: Malam Giɗaɗo, akawun albashi na sashen lafiya.

Dattijo ne mai farin gemu, gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya, wata biyar ya rage masa ya yi ritaya. Ya ce bayan an sallame ya leƙa bayan kasuwa yin ta'aziyya, bai daɗe ba. Da Sufeto ya nemi sunayen waɗanda ba a tantance ba, bai buɗe takarda ba. Da ka ya zuba su, kowane da ɗan bayaninsa: wannan malamin makaranta ne mai son bashi, wannan ungozoma ce da ta fi ƙarfin mijinta, wancan mai gadi ne da barci ya fi aikinsa yawa. Har Mansur, duk da tashin hankalin da yake ciki, sai da ya yi murmushi.

Sunan ƙarshe kaɗai ya fito babu ado. Na'iya Siddiƙ, ɗakin shan magani na Tungar Ɗorawa, mataki na shida.

"Duk suna nan?" in ji Sufeto.

"Kowa na bakin aikinai."

Washegari da safe, Sufeto na duba man babur ɗinsa, Mansur ya kira shi a waya. Umarni ya zo daga sama: ba za a biya kowa albashin wannan wata ba sai an miƙa rahoton tantancewa. Kuma ko an turo wata na'ura ba ta da amfani, don aikin mako uku yana cikin kwamfutar da aka sace. Sai dai a sake daga farko, wata biyu ko uku. Ma'aikata sun haura dubu ɗaya da ɗari uku. Ranar kuwa ashirin da huɗu ga watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba.

Sufeto ya san me hakan ke nufi. Nasa albashin daga tarayya yake zuwa, ba ya makara sosai. Amma maƙwabcinsa malamin firamare ne, kuma duk ashirin ga wata yana jin matar malamin ta katanga tana lissafin mudu.

Ƙauyuka biyu na farko ba su ci masa lokaci ba. Ya tarar da mutum goma. Wasu a wurin aiki, wasu a gona, ɗaya yana sayar da goro a tasha da rigar aiki a jikinsa. Babu wanda ke tsoron na'ura. Duk wanda ke da babban yatsa ba shi da dalilin sace ta.

Hanyar Tungar Ɗorawa ta bi ta fadama. Sau biyu ya sauka ya tura babur cikin taɓo. Da ya iso ya yi zaton zai ga irin ɗakunan shan maganin da ya saba gani, rufi a yaye, awaki a ciki. Sai ya ga ɗaki biyu a share, an shafa musu farar ƙasa, da mata kusan talatin zaune a gindin dogon yaro, yawancinsu da yara masu zazzaɓi a cinya.

Mace ɗaya ce ke aiki a ciki, matashiya mai farin hijabi. Tana huda yatsan yaro, tana ɗiga jinin a ɗan katin gwaji, tana yi wa uwar faɗa don ta bari sai kwana na uku. Ta ce sunanta Hamdiyya. Sunan ba ya cikin jerin.

"Ina Malam Na'iya?"

"Ya tafi Jega sayen magani."

Ba ta ɗago ba. Sufeto ya jawo rajistar zuwa aiki da ke kan tebur. Na'iya Siddiƙ ya sa hannu yau da ƙarfe takwas. Ya sa jiya. Ya juya shafi bayan shafi, mutumin bai taɓa fashi ba, ko ranar ruwa. Rubutun ƙanana ne masu kwanciya dama, iri ɗaya da wanda ke kan katin marasa lafiyar da Hamdiyya ke cikawa a gabansa.

"Ke mece ce a nan?"

"Taimako nika yi."

"Wa ke biyan ki?"

"Yallaɓai, akwai yaro a waje da ke sanƙarewa. In ka gama da littafin ka aje mani shi."

Ya ajiye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga yadda ta karɓi yaron, ta kwantar da shi a gefe, ta yi masa allura. Wata mata ta gaya masa cewa in rafi ya kawo, kwana uku ake yi mota ba ta shigo ba, asibiti mafi kusa kuwa tafiyar awa biyu ce a babur.

Mai garin ya karɓe shi da fura mai sanyi, ya ce Malam Na'iya ya tafi Sakkwato ganin likitan ido. Wani mai facin taya ya ce Kebbe. Sufeto bai nuna ya lura ba. Ƙarya irin wannan ya saba da ita, ma'aikaci ya gudu birni, ƙauye ya rufa masa asiri.

A gindin dogon yaron ne ya zauna kusa da wata tsohuwa da ake kira Dada, wadda ta kawo jikarta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ɗan sanda da ya rame haka ba, ko dai shi ne ba ya karɓar na goro. Ya ce da ta aure shi da ya yi ƙiba. Ta ce ta fi ƙarfin mai babur. Matan suka yi dariya. Cikin dariyar ya jefa tambayarsa.

"Malam Na'iya? Jega ya tafi," in ji Dada, daidai yadda aka koya mata.

Sai leɓɓanta suka ci gaba da motsi bayan muryar ta tsaya. Kalma uku ko huɗu, babu sauti.

Sufeto ɗan Jabo ne, a gaban irin waɗannan tsofaffin ya girma. Ya san abin da leɓe ke faɗa in an ambaci wani suna. Ya tashi ya koma wurin mai gari, ya sake kawo sunan cikin wata magana daban, ya zuba wa bakin ido. Shi ma leɓensa ya motsa. Ya gwada mai facin taya. Ya gwada ladan. Garin duka ya amince ya yi wa hukuma ƙarya, amma babu wanda ya amince ya ambaci mamaci ya hana shi Allah ya jiƙansa.

Motsin leɓe ba shaida ba ce da za a kai gaban alƙali. Ya nemi a nuna masa gidan Na'iya. Wata katanga da ba ta tsufa ba ta raba gidan uku, kowane ɓangare da ƙofarsa. Irin rabon da ake yi bayan malamai sun zauna da alƙalami. Ya tambayi ina iyalin suke. Wani ya ce matar tana Kebbe.

La'asar ta yi kafin ya shiga Kebbe. Gidan wani tela ne, a bayan masu sayar da hatsi. Telan bai ji daɗin ganin ɗan sanda a ƙofarsa ba, amma ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna shi ma, ya kira matarsa. Rumasa'u ta zauna daga bayan labule. Ana jin jariri yana wasa da awarwaronta.

Sufeto ya gaishe ta, ya ce a takardar hukuma ita matar Malam Na'iya ce, kuma Malam Na'iya ya sa hannu a wurin aiki yau da safe. Yana so ya fahimci yadda matar mai rai take zaune a gidan wani da goyo.

Ta amsa daga bayan labulen.

"An aiko mani jiya. Anka ce in an tambaye ni, in ce ya sake ni."

"Wa ya aiko?"

"Ba ni faɗi."

"To, ya sake ki?"

Jaririn ya yi ƙara, ta jijjiga shi.

"Shekara goma sha tara muna tare. Ko ki tafi gidanku bai taɓa ce mani ba. Ba ni ɗora mashi saki yana cikin kabari. Na yi mashi takaba, wata fuɗu da kwana goma. Duk mai son ya kama ni a kan wannan, ga ni."

Daga nan maganar ta zo da kanta, a hankali. Shekara huɗu ke nan, hawan jini ya kayar da shi a gona. Bayan addu'ar uku, mai gari ya shigo da wani mutum daga sakatariya. Mutumin ya yi mata bayani ba tare da ɓoye komai ba. In aka kai rahoton rasuwa, albashi zai tsaya a watan. Haƙƙin mamaci zai shiga layi, kuma ya lissafa mata zawarawan da suka shekara biyar, bakwai, suna sintiri da takarda a leda. Ɗakin shan magani kuwa za a rufe shi, don ɗaukar sabon ma'aikaci ba a hannun sakatariya yake ba. In kuwa aka yi shiru, naira dubu sittin da biyu za su ci gaba da shigowa. Ashirin na marayu, talatin na wata yarinyar garin da ta gama makarantar kiwon lafiya tana zaune babu aiki, sha biyu na magani.

An je wurin liman. Liman ya saurara har ƙarshe, bai ce halal ba, bai ce haram ba. Ya ce shi dai kar a ƙara gaya masa.

Rumasa'u ta miƙa katin cirar kuɗin. Tun daga lokacin, duk wata, mutumin ke kawo na marayu da kansa, da kuɗin motarsa, ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba. Sunansa ne dai ba za ta faɗa ba.

Telan ya gaji. Ya ce shi ba ya cikin wannan magana tun farko, kuma ba zai zauna 'yan sanda na sintiri a ƙofarsa saboda tsohon akawu mai gilashi ɗaure da zare ba. Daga bayan labule aka ji ta ja numfashi, ta tashi ta shige ciki.

A hanyar komawa Sufeto bai yi gudu ba. Ya kama ɓarayin shanu, ya kama masu yankan aljihu, ya taɓa kama wanda ya kashe ɗan'uwansa a kan iyakar gona. A duk waɗannan ya san gefen da yake tsaye. Wannan karon ya juya maganar ta kowace fuska, ko'ina ya tsaya sai ya ga yana taka wani. In ya bar jakar ta ɓace, gidaje dubu da ɗari uku za su shiga Satumba babu ko kwabo. In ya fito da ita, matan gindin dogon yaro za su koma jiƙa saiwa.

Laraba da hantsi ya isa Sanyinna, garin tsohon akawun, cikin kayan gida. Ya samu Malam Giɗaɗo a zaure, rediyo a kashe a gefensa. Dattijon ya ce kwana biyu bai leƙa sakatariya ba, jiki ya ƙi.

Suka gaisa har ƙarshen gaisuwa. Sufeto ya ce ya bi ta bayan kasuwar Tambuwal, mako biyu ke nan ba a yi rasuwa a unguwar ba. Giɗaɗo ya ce tsohuwar ta'aziyya ce, bai samu zuwa da wuri ba.

"Na je Kebbe, baba."

Dattijon ya cire gilashinsa, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ta ce ya sake ta?"

"Ta ƙi."

"Na san ba ta faɗi. Ni ma da na aika, kunya ta kama ni." Ya dubi Sufeto. "To, Na'iya ya rasu. Wannan ka samu. Jaka kuwa ban san zancenta ba."

Sufeto bai yi masa gardama ba. Ya gaya masa kiran da Mansur ya yi, da umarnin da ya zo daga sama. Ya ce ma'aikata sun haura dubu da ɗari uku.

"Dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da biyu," in ji Giɗaɗo, kamar ba shi ya yi maganar ba. "Duka? Har masu shara?"

"Duka."

"Ba a taɓa yin haka ba. Cewa na yi za su koma su jira wata na'ura."

Ya zauna yana kallon ƙasa. Sufeto ya ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa, ya gane sunaye yake bi. Shekara talatin da huɗu yana rubuta su duk wata. Ya san wanda ke jinyar uwa, ya san wadda mai gidan haya ya ba wa'adi.

Ya miƙe da ƙyar ya shiga cikin gida. Sufeto bai bi shi ba. Bayan ɗan lokaci ya fito da ƙunshi, buhu biyu a naɗe, ƙaiƙayin gero a jiki. A rumbu ya ajiye ta, a kan katako, don kar danshi ya taɓa ta. Ya tambaya ko zafin rumbu na ɓata irin waɗannan na'urori.

Sufeto ya ce ga gulbi nan cike, me ya hana shi jefa ta.

"Dukiyar jama'a ce. Aro na yi."

Ya sake shiga ya fito da wani fayil mai kauri. Takardu goma sha huɗu ne, kwafin wasiƙun da ya sa aka rubuta ana neman a ɗauki Hamdiyya aiki, ta farko tun kafin Na'iya ya rasu. Uku ne kaɗai aka amsa, duk da magana ɗaya, a jira. Ya ce a rediyo ana karanta wa ƙaramar hukuma miliyoyi. Shi da ke zaune kusa da baitulmali ya san abin da ke isowa bayan an cire wannan, an cire wancan tun a can sama. Wani watan abin da ya saura ba ya sayen tayar mota. Kuɗin kasuwa da na tasha ba su kai a faɗa ba.

"Mu ne kusa da mutane. Mu suka sani, ƙofarmu suke kawo gawa. Amma ko mai shara ba mu da ikon ɗauka. Na ga kuɗi na zuwa da sunan Na'iya, na ga aikin Na'iya ba mai yi. Sai na haɗa su."

"Jakar fa?"

"Wata uku nika so. Cewa anka yi kuɗi na gab da fara zuwa kai tsaye. In sun zo, a ɗauke ta, in kai rahoton rasuwa da hannuna, in yi ritaya."

"Tun yaushe ake cewa suna gab da zuwa?"

"Tun bara."

"Ka yarda za su zo cikin wata uku?"

"A'a."

Sufeto ya dubi ƙunshin. Abin da ya faɗa bayan haka bai taɓa faɗa wa wanda ake tuhuma ba. Ya ce yana iya rubuta cewa an tsinci jakar a gonar dawa a bakin hanya. Babu wanda zai bi ba'asi, kowa albashinsa yake jira.

Giɗaɗo ya yi wani ɗan murmushi, irin na malami ga ɗalibin da ya yi lissafi ya manta layi ɗaya. Ya ce to, jaka ta dawo. Gobe ayari zai shiga Tungar Ɗorawa, a kira Na'iya Siddiƙ, babu yatsa. Za a buɗe rajista a tambayi wa ke sa hannu. Za a je banki a tambayi wa ke cirar kuɗi. Za a kai ga Hamdiyya, da mai gari, da Rumasa'u da goyonta. Kuɗin shekara huɗu sai an ɗora wa wani.

"Ka rubuta ni kaɗai. Ni na ɓoye rasuwa, ni ke riƙe da kati, ni na ce wa yarinyar wata ƙungiya ce ke biyan ta. Rajista ma ni ke sa hannu."

"Na ga rubutun rajistar, baba. Na ga kuma naka a wannan fayil."

"Tsufa ke canza hannu."

Suka dubi juna. Sufeto ya tambaye shi ko ya san fansho da garatutinsa sun tafi ke nan. Dattijon ya ce ai aikinsa ne, shi ke cika wa mutane takardar. Ya ƙara da cewa haƙƙin Na'iya ma, in an lissafa, za a cire albashin shekara huɗu daga ciki, marayun ba za su ga komai ba. Wannan ne ke hana shi barci, ba gidan yari ba. Bai sani ba ko ya taimake su ko ya ci musu gado da hannun wasu.

Sufeto ya fito da takarda da biro, ya ɗora a gwiwa, ya rubuta bayanin yadda dattijon ya faɗa. Da ya zo kan rajista biron ya tsaya. Shekara ashirin da uku, duk abin da aka ce ya yi ko bai yi ba, bai taɓa sa hannu a kan abin da ya san ƙarya ne ba. Ya rubuta layin. Giɗaɗo ya karanta daga sama har ƙasa, ya gyara ranar rasuwar da kwana ɗaya, ya sa hannu.

Ya shiga ya yi wa iyalinsa sallama, bai daɗe ba. Ya fito da babbar riga da buta. Babu ankwa. Ya hau bayan babur, jakar a tsakaninsu, yana riƙe da ita da hannu biyu saboda ramukan hanya. Mutanen da ke zaune a bakin titi suka ɗaga musu hannu, suna zaton sakatariya za a rage masa hanya.

A caji ofis Mansur ya kunna kwamfutar, ta kama. Ya yi hamdala sau uku, ya buga waya Sakkwato, aka ce albashi zai fita ranar Litinin. Ya nemo suna na ƙarshe a jerin, ya soke shi. Bai dubi inda Giɗaɗo ke zaune ba. Wani kofur ya karɓi hular dattijon da agogonsa ya rubuta, ya roƙe shi gilashin ma. Ya miƙa, sannan ya bi bango da hannu har ƙofar ɗakin tsarewa.

Wajen la'asar wayar Sufeto ta yi ƙara. Hamdiyya ce, a wurin mai gari ta samu lambar. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi komai ba. Ta ce ta ƙirga maganin da ke cikin kabad, zai kai kwana tara in ta yi tsimi. Za ta zauna har ya ƙare. Abin da take son sani shi ne, ranar da ta rufe ƙofar, wa za ta ba makullin, tun da ita ba ma'aikaciya ba ce, kuma mai ɗakin ya rasu.

Sufeto ya ce zai tambaya.

Ta ce to, tana da mutane a waje. Ta kashe wayar.

Ya daɗe zaune da wayar a hannu, yana bin ofisoshin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, daga sakatariya har Sakkwato, yana neman wanda zai tambaya.